Babin Guzuri da Magadansa

Daga cikin ilmomin da suka yaɗu a ƙasar Tasawa da Mayahi a wannan zamani, ba tare da an gina musu makaranta ko an naɗa musu shehi ba, akwai ilmin hisabin guzuri, wanda mutum kan tsunduma cikinsa idan kaka ta yi albarka, wake da gero suka yi kuɗi, zuciya kuma ta raya masa cewa lokaci ya yi da shi ma zai hau jirgi ya ga abin da ake gani. Ba a cewa hutu za a je, domin a wurinmu hutu na majinyaci ne. Cewa ake yi za a je Umara, ko za a leƙa kasuwar Dubai, ko da kuwa babu abin da za a leƙa face tsawon benaye.

Shi hisabin ba shi da aibi a zahiri. Alhaji zai yago takarda daga littafin ɗansa na lakkol, ya raba kuɗinsa bisa adadin kwanaki, kaza na kalaci, kaza na mota, kaza na shayi, ya kuma ware jaka kaɗan saboda lalura, yana yi cikin natsuwa da haiba, alhali kuɗin da yake rabawa sefa ne, wanda aka zabge rabin darajarsa a Janairun 1994, tun 1999 kuma yake ɗaure da Yuro a kan sefa 655 da ɗoriya, shi kuwa riyal yana ɗaure da dalar Amurka a kan 3.75, ta yadda farashi kan hau ya sauka tsakanin igiyoyin nan biyu ba tare da an nemi shawarar kowa a Tasawa ba. Mutumin da tun yarinta bai san ƙirga kuɗi ba sai da dalarmu ta gida, sefa biyar-biyar, idan aka ce masa kofin shayi riyal biyar ne, sai ya rufe ido, leɓɓansa na motsi, mai shayi ya zaci zikiri yake yi, ashe juyi yake daga riyal zuwa sefa, daga sefa zuwa dala. Da ya ga ta haura ɗari da hamsin sai ya tuna cewa likita ya hana shi sukari.

Illar takardar ita ce an rubuta ta kafin labari ya fita. Da zarar ya fita, sai ga Kawu daga Kanan-Bakashe, ga Gwaggo daga Korgom, ga surukai daga Maijirgi, kowa ya zo bankwana, kowa kuma da kalma guda: "Alhaji, ni fa ba na son komai, lafiyarka kawai, sai dai in ka ga ƴar darduma." Daga nan guzuri ya koma gado, maigida yana raye ana raba shi. Inna tana da rabonta yankakke, uwargida da amarya suna da nasu, wajibi ne kuma abayoyinsu su zo daidai a kuɗi da nauyi, in ba haka ba shari'ar za ta kai damina ba a gama ba. Liman da mai unguwa ba a hajabce su. Idan rabon ya fi ƙarfin dukiya, sai a yi auli a rage wa kowa. Shi mai tafiyar, wanda ya sayar da bijimi ya yanki tikiti, shi ne asaba: abin da ya saura nasa ne, galibi kuwa babu abin da ke saura.

Saboda haka ne za ka iske buhun garin rogo da ƙuli-ƙuli da kwalbar yaji a ƙasan akwati. Malamai sun yi wa matafiyi rangwamen kasaru a salla, shi kuwa sai ya yi ƙiyasi ya kasarta kalaci, uku ta koma biyu, biyun ma a haɗa su jam'i bayan isha'i. Azumin Litinin da Alhamis, wanda bai taɓa damunsa ba a gida, a can yake zame masa ɗabi'a. Wanda ya je Dubai zai tsaya gindin Burj Khalifa, mai tsawon mita 828, ya kumbura babbar riga, a ɗauke shi hoto a aika gida ta WhatsApp. Hawa sama kuwa, da yake sai an biya, ya ce ai israfi ne, kuma daga ƙasa an fi ganin ƙudurar Allah.

Duk da wannan zuhudu, takardar tsaraba ba ta cika. Sai a biyo ta Kantin Kwari a Kano ko babbar kasuwar Maraɗi, a sayi huluna da tasbahohi ƙirar ƙasar Sin, waɗanda dama daga can ƴan'uwansu na Makka suka fito, a cire ledar mai shago cikin dare, a jera su kusa da dabino. Zamzam lita biyar kuwa, da ikon Allah da taimakon randa, sai ta zagaye unguwa uku har a aika Mayahi. Gwaggo za ta karɓi tasbaharta da hannu biyu, ta shinshina, ta ce ƙamshin Makka ba ya ɓuya, ta sa albarka mai tsawo, sannan ta tambayi inda aka kwana batun darduma.