Kiristan Lahadi da Mudun Litinin

Da ƙarfe takwas na safiyar Lahadi, duk wanda ya tsaya a ƙofar wata babbar majami'a a Jos ko Kaduna zai rantse an buɗe ƙofar sama an sako waliyyai. Shadda tana ƙara, turare yana tashi, kowa da Littafi Mai Tsarki a hammata. Na wani dattijo ma sai da hannu biyu ake ɗaukarsa, bakin shafukan ruwan zinariya, tsaf kamar jiya aka sayo. Shekararsa goma a hannunsa. A tsakiyar Zabura yake ajiye rasidin wuta, don ya san nan ne wurin da babu mai buɗewa a gidan, har shi kansa.

Ba a iya cewa rashin jin Turanci ne. Tun 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, aikin da Likita Miller na mishan ɗin Zariya ya sha wahala a kai. Yau shekara casa'in da ɗoriya ke nan maganar tana nan cikin harshen da ake cinikin tumatir da shi. ECWA da COCIN da EYN duk da Hausa suka raini jama'arsu. Saƙon ya iso kunne tuntuni, tafiyar da ta rage masa daga kunne zuwa zuciya ce, kuma da alama hanyar ta fi ta Birnin Gwari ramuka.

A duba ranar godiyar kaka. An kawo doya da masara da kaji gaban bagade, an miƙa wa mai gwanjo makarufo. Nan wani Baba Dattijo yake miƙewa, ya gyara babbar riga, ya taya zakara ɗaya naira dubu ɗari biyu. Majami'a ta ɗauki tafi, mata suna guɗa, zakaran kansa ya rasa abin da ya yi ya cancanci wannan daraja. A daren aka cinye shi. Kuɗin kuwa har wata kakar ma'aji yana bin sawu, kullum amsa ɗaya: “Ɗan'uwa, ana addu'a a kai.” Ranar da aka ce baiko a ambulan ne, ba suna ba sanarwa, hannun nan dai shi ke lalubo tsohuwar naira hamsin da mai Keke ya ƙi karɓa.

Abin dariyar shi ne Littafin da ke hammatarsa ya riga ya ba da labarinsa. A Markus sura 12, Yesu ya zauna yana kallon masu zuba kuɗi a Haikali, attajirai suna zubawa da yawa, amma wadda ya yaba gwauruwa ce mai 'yan tagulla biyu. A Matiyu sura 23 ya kwatanta masanan addini na zamaninsa da kaburburan da aka shafe da farar ƙasa, ya kuma yi musu ba'a cewa suna fitar da ushirin ganyen miya, sun bar adalci da jinƙai. Mai wa'azi na karanta wannan sura, kowa sai ya gyaɗa kai ya saci kallon na kusa da shi.

Sai lokacin azumi. Majami'u da dama suna buɗe shekara da azumin kwana ashirin da ɗaya, kuma akwai 'yar'uwar da ba ta taɓa fashin ko yini ɗaya ba. Tuwo ba ya shiga bakinta sai yamma, amma naman maƙwabta tun asuba take ci. Ita dai ba ta gulma. “Batun addu'a” take kawowa: “'Yan'uwa, mu tuna da 'yar gidan wane, ba zan faɗi komai ba, amma ku lura da yadda zanenta ya fara ɗagewa.” Kafin a ce amin labari ya kai Bukuru.

Zumuntar Mata kuwa, gaskiya a faɗe ta, babu ƙungiyar da ta kai ta aiki. Su ne a asibiti, su ne a gidan makoki da tukwane, su ne ke riƙe majami'a idan maza sun tafi taron kwamiti. Sai dai a cikin anko ɗaya akan sami mace biyu. Ɗaya ta bar waƙa ta je ta kwana wurin mara lafiya. Ɗayar ta fi kowa murya da kaɗa tulu, amma yarinyar da ke mata aiki a gida wata huɗu ba ta ga albashi ba, kuma ranar Lahadi ita ke tsaron wanki.

Ranar Litinin ce ake raba sakamakon jarrabawa. A kasuwa, ɗan kwayar majami'a da jiya ya sa mutane hawaye da waƙa yana auna shinkafa da mudun da aka bubbuga gindinsa ya lotsa ciki. A saman rumfar an rubuta ayar albarka da jan fenti. Wannan sana'a ba sabuwa ba ce. Annabi Amos, makiyayin Tekowa, tun ƙarni na takwas kafin haihuwar Almasihu ya yi kuka da 'yan kasuwar da ke ƙosawa Asabar ta wuce su koma rage mudu da murɗe ma'auni. Da zai leƙo yau, ba zai nemi tafinta ba.

Littafin bai bar mutane cikin duhu game da kamannin sabuwar zuciya ba. A Luka sura 19 akwai Zakka, gajeren shugaban masu karɓar haraji na Yariko, wanda ya hau bishiya don ya hango Yesu. Da ya tuba bai ɗinka sabuwar riga ba, bai nemi kujerar gaba ba. Rabin dukiyarsa ya ce zai ba matalauta, wanda ya cuta kuma zai mayar masa ninki huɗu. Tubar tasa ta bi ta aljihu, shi ya sa ake son labarin a makarantar Lahadi, inda yara ke jin daɗin hawan bishiyar, manya kuma ba sa nan balle a kai ga lissafin.

A makon jiya Baba Dattijo ne ya yi wa'azi a kan wannan sura. Ya yi gumi, ya buga bagade, ya ce kowa ya binciki kansa. A bencin ƙarshe telan da ya ɗinka masa rigar da ke jikinsa yana zaune, ya fi kowa ɗaga murya wurin cewa amin. Da aka tashi sujada sai ya je ya tsaya a babbar ƙofa da ɗan littafinsa na bashi, yana murmushi. Baba ya hango shi daga nesa, ya tuna yana da taron gaggawa da fasto, ya bi ta ƙofar kwaya.