Zakaran Kokawar Kajuru Ya Ɗaura Farar Ɗamara

Saitama, ƙasar Japan
Watan Janairu

Zuwa ga taubashina, bawana na gado,

Da fatan Goggo tana lafiya, dawa kuma ta shiga rumbu. Nemi wuri ka zauna tukuna, don labarin ƙaninka ba na tsaye ba ne.

Ƙaton nan da ya yi kaka biyar ana masa kiɗa da kirari, wanda daga Kajuru zuwa Kasuwan Magani har Kufana bayansa bai taɓa shan ƙasa ba, yau watansa huɗu kullum sai ya faɗi. Kuma shi ke biyan kuɗin faɗuwar duk ƙarshen wata.

Wata rana da yamma ne, ya taso daga garejin da suke kwance tsofaffin motoci ana lodin kayan zuwa Legas, sai ya ji tim! tim! daga wani zaure a unguwa. Ya leƙa, ya ga ana kaye. Ashe makarantar judo ce. Ya tuɓe takalmi, ya bugi ƙirji, ya ce a fito masa da babbansu. Babban ya fito: wani tsoho da ya haura saba'in, kansa bai kai kafaɗar ƙaninka ba. Ya dube shi sama da ƙasa, ya miƙa masa tsumma da bokiti. A wurinsu ɗalibai ke goge daɓen da hannunsu, a duƙe, daga wannan bango zuwa wancan.

Bayan tsumma sai farar ɗamara, sai sahun baya tare da 'yan shekara bakwai. Duk wanda ya riga ka shiga, ko haƙoransa ba su gama fitowa ba, na gaba da kai ne. Wata 'yar ficiciyar yarinya ce ta kwance masa ɗaurin ɗamarar ta sake, don ya ɗaure ta kamar mai ɗaure damin gero.

Darasin farko sunansa ukemi, wato iya faɗuwa. A manna haɓa a ƙirji kada ƙeya ta bugu, a mari tabarma da dukan damtse don ƙarfin faɗuwar ya bazu, a mirgina ta kafaɗa. Sati shida bai kama rigar kowa ba. Ranar da tsohon ya yarda su gwada, ƙaninka ya turo da ƙarfin nan nasa na ɗaukar injin mota, tsohon ya ɗan ja shi gaba, ya juya ƙugu. Shi dai ya ce fitilar rufi kawai ya gani. Wannan dabara ita suke kira kuzushi: a raba mutum da tsayuwarsa tukuna, nauyinsa ne zai ƙarasa aikin.

Da ya ji sunan wanda ya kafa judo Kano, sai ya washe baki ya ce ashe ɗan gida ne, ɗan Fagge ne ko ɗan Dala? Jigoro Kano dai Bajapane ne, an haife shi a 1860, yaro ne marar jiki da 'yan makaranta suka raina, shi ya sa ya nemi koyon kokawar ƙasarsu. A 1882 ya buɗe makarantarsa, Kodokan, a wani ɗaki mai tabarma 12 na wurin ibadar Eishoji a Tokyo, da ɗalibai 9. Yau babban zauren Kodokan tabarma 420 ne. Da ƙaninka ya kai ziyara can, ya hau bene na takwas inda 'yan kallo ke zama, ya ga dattawa masu ɗamara ja da fari, masu daraja ta shida zuwa ta takwas, suna fara motsa jiki da faɗuwar nan da yake jin kunyarta. Can ne kuma ya ji cewa baƙar ɗamarar da yake kwaɗayi, shodan, ma'anarta matakin farko. Har ya shiga jirgin ƙasa bai ce uffan ba.

Wasa dai wasa ne, taubashi, amma yaron nan ya burge ni. Batun gaisuwarsu ta durƙuso, ya faɗa wa malamin da ladabi cewa goshinsa ba ya sauka sai a sallah, tsohon kuma ya amince masa da ɗan rusunawa. Yanzu ana tsakiyar kangeiko, atisayen asubar hunturu, cikin sanyin da ya ninka na Jos. Yana idar da sallah zai saɓa jakarsa. Makon jiya wani sabon yaro ya shigo yana kuka don tsoron faɗuwa, ƙaninka ne ya kwanta gefensa yana nuna masa yadda ake manna haɓa.

Kuɗin sharar bana kada ka sa rai, shi zan ba, tunda shi ya yi sharar. Ka gaishe da Goggo, ka ce mata ƙashinsa ko ɗaya bai karye ba. In an samu mai tahowa, a aiko masa da busasshiyar cittar Kachia da man zafi, kwalba biyu.

Naka,
Ubangidanka