Yadda Za Ka Tono Zoben Gwal Da Na'urar Mai Ƙaramin Ƙarfi

A Ingila da Amurka akwai mutanen da ke yin sammako su nufi bakin teku riƙe da sanda mai faifai a gindi, suna ta shara ba tsintsiya. Na'urar gano ƙarfe ce, 'yar'uwar waccan da mai gadi ke shafa maka a jiki a ƙofar banki. Idan zama ya kai ka can, ɗan'uwa, kuma aljihunka bai wuce ta 'yan koyo ba, irin su Garrett ACE 250 ko Bounty Hunter Tracker IV, kada masu manyan injuna su sa ka sunkuyar da kai. A Yulin 2009, wani mai suna Terry Herbert ya gano tarin gwal kimanin kilo 5 a wata gona a Staffordshire, da tsohuwar na'urar da ya saya kwance a kan fam 2.50. An yi wa dukiyar kuɗi fam miliyan 3.285, suka raba da mai gonar. Kai da zobe ɗaya tak kake nema, me zai karya maka gwiwa?

Fara karatu daga gida. Ka roƙi uwargida aron zobenta, ka ɗaura masa zare mai ƙwari, ka binne a bokitin roba cike da yashi, ka yi ta gilma faifan har kunnenka ya haddace kukan. Kada ka raina zaren nan, shi ne zaman lafiyar gidanka. Ranar fita kuwa, ka bar takalmi mai ƙarfe a hanci, in ba haka ba za ka yini kana farautar ƙafarka. Ko Alexander Graham Bell, da ya nemi harsashi a jikin shugaban Amurka James Garfield a 1881, ƙarafan gadon majinyacin sun rikita masa na'ura.

Zobe ba tsiro yake yi ba, faɗuwa yake daga hannun mutum, don haka ka bi mutane. Ruwan sanyi yana tsuke yatsa, man kariyar rana yana sa ta santsi, da ma can zoben neman hanya yake. Ka zauna da rana ka zuba ido inda ake jera tawul. Baiwar Allah za ta zare zobenta ta ajiye a kan tawul don ta shafa mai, hira ta yi daɗi, da za a tashi ta kakkaɓe tawul ɗin. Shi ke nan, yashi ya haɗiye. Nan ne gonarka da yamma in an watse, sai kuma filin ƙwallon raga, inda kowane duka ke iya cillar da zobe. Ka tsaya a busasshen yashi. Gishirin jiƙaƙƙen yashi yana sa yawancin ƙananan na'urori surutai kamar mai zazzaɓi, ka yi ta tono ba ka ga ko allura ba.

To, ga inda ake raba gari. Na'urarka tana da maɓallin tace tarkace, kuma mai kanti zai nuna maka shi yana murmushi, ya ce da ka murɗa shi ka huta da shara. Gaskiya ya faɗa, amma ka huta da gwal ma. Siririn zoben gwal da kunnen gwangwanin lemo da dunƙulalliyar takardar alminiyom, kusan murya ɗaya suke yi wa na'ura. Wanda ya toshe bakin ɗaya ya toshe na sauran. Baƙin ƙarfe kaɗai za ka tace, wato ƙusa da ire-irenta, duk abin da ya yi kuka bayan wannan ka durƙusa ka tona. Za ka san wani Ba'amurke mai suna Ermal Fraze ko ba ka so, domin shi ya ƙirƙiro kunnen gwangwanin nan a farkon shekarun 1960, kuma har tsakiyar shekarun 1970 ana ɓalle shi ne a yar a ƙasa. Gadon da ya bar maka yana nan jibge a yashi. Ka tafi da jaka biyu, babba ta kunnen gwangwani, 'yar ƙarama ta gwal, kuma kada ranka ya ɓaci in babbar ta riga cika. Kowane kunne da ka kwashe, ka rage wa yaro mara takalmi abin yanka ƙafa.

Faifan ya riƙa tafiya dab da ƙasa, a hankali, kowace shara tana hawa kan rabin ta baya. Mai sauri motsa jiki kawai ya fito yi. Ka riƙe rariya mai manyan huji, kuma duk ramin da ka haƙa ka cike shi.

Ranar da abu rawaya ya rage a rariya, yi hamdala a zuci tukuna, sannan ka leƙa cikinsa. Lamba 375 tana nufin karat 9, 585 karat 14, 750 karat 18, 916 kuma karat 22. In gona ce ko filin wani, da ma sai da izinin mai shi. A Ingila, dokar 1996 ta wajabta kai rahoton kayan gwal da suka haura shekara 300 cikin kwana 14.

In kuwa ka ga suna ko ranar aure a rubuce a ciki, to akwai wadda ta kwana tana kuka a kansa. Tsintuwa ce, ka yi cigiya. Fara da masu tsaron bakin tekun, domin su ake soma tambaya.