Sayen Wahala da Tsabar Kuɗi: Nazari a kan Masu Ratsa Indiya a Keke Mai Ƙafa Uku

A cikin ɗabi'un da ƙoshi ya haifar a wannan zamani, babu wadda ta cancanci a zauna a yi mata nazari kamar sayen wahala, wato mutum ya yi wata da watanni yana tara kuɗi, ya nemi hutu a wurin aiki, ya hau jirgin sama ya tafi ƙasa mai nisa, don kawai ya ɗanɗani irin azabar da mutanen can suke roƙon Allah dare da rana ya raba su da ita. Misalin da ya fi fitowa fili shi ne tafiyar da ake kira Rickshaw Run, wadda wani kamfanin Ingila mai suna The Adventurists ya fara shiryawa a ƙarshen shekarar 2006, lokacin da ayarin farko ya tashi daga Kochi, a gaɓar tekun jihar Kerala da ke kudancin Indiya, ya nufi Darjeeling, garin ganyen shayi da ke kan duwatsun Himalaya. Abin hawan ba baƙo ba ne ga mai karatu, domin shi ne keken nan mai ƙafa uku da Indiyawa ke kira oto, mutanen Tailan ke kira tuk-tuk saboda ƙarar injinsa, 'yan Legas suka laƙaba wa Keke Marwa, Kanawa kuma suka raɗa wa A Daidaita Sahu.

Kafin a shiga bayani ya kamata a daidaita kalmomi, domin Hausa ba ta da kalma guda da za ta ɗauki nauyin abin da waɗannan matafiya ke ganin suna yi. Akwai kasada, wato jefa kai cikin haɗari saboda wata riba da ake hange, kamar yadda fatake suka riƙa yi a hanyar Gwanja don neman goro. Akwai ganganci, wanda shi ne jefa kai cikin haɗari ba tare da ribar komai ba. Akwai kuma yawon buɗe ido, wanda ake yi da cikakken aljihu da kwanciyar hankali. Tafiyar da ake magana a kanta ta ɗebo haɗarin daga kasada, ta ɗebo rashin dalili daga ganganci, ta kuma ɗebo kashe kuɗi daga yawon buɗe ido, kuma abin da kaɗai ya hana a kira ta hauka shi ne masu yinta suna da takardun makaranta da katin banki.

Shi kansa keken asalinsa Italiya ne, inda kamfanin Piaggio ya ƙera wata ƙaramar mota mai ƙafa uku a 1948 don ƙananan 'yan kasuwa su riƙa ɗaukar kaya bayan Yaƙin Duniya na Biyu, kafin kamfanin Bajaj da ke Pune ya mayar da ita abin hawan talakan Indiya. Samfurin da tafiyar ta yi suna da shi yana da injin da bai kai cc 150 ba, ƙarfinsa kuma doki bakwai ne a lissafin injiniyoyi, ko da yake duk wanda ya taɓa ganin doki bakwai a hawan salla zai nemi a sake ƙirga. Gudunsa bai cika wuce kilomita 55 a awa ba, shi ma sai a gangare, iska na bayansa. Injin irin wanda ake gauraya masa fetur da baƙin mai ne, giyarsa kuma a hannun hagu take, ana murɗa ta tare da kuloci, tayar da shi kuwa sai an finciki wani dogon ƙarfe da ke gefen direba, aikin da yakan koya wa ma'aikacin ofis cewa akwai jijiyoyi a kafaɗarsa da bai taɓa gaisawa da su ba. An ƙera shi ne don ya kai uwar gida kasuwa ya dawo da ita, tafiyar da ba ta wuce kilomita biyar ba, kuma babu wanda ya nemi shawararsa kafin a ɗora masa ratsa ƙasa guda.

Ƙa'idojin tafiyar kaɗan ne, kuma masu shirya ta suna alfahari da ƙarancinsu. Ana faɗa wa kowane ayari, wanda bai wuce mutum uku ba, inda zai tashi da inda zai sauka, galibi tsakanin Kochi da Jaisalmer da ke hamadar Thar a jihar Rajasthan, ko kuwa Shillong a can arewa maso gabas, sannan a ba shi kimanin mako biyu. Nisan yakan kai wajen kilomita 3,000, gwargwadon yawan ɓatan hanya, wato kamar a je Legas daga Kano, a dawo, a sake komawa. Babu hanyar da aka shata, babu motar agaji da ke biye, babu kuma kyautar wanda ya riga isa, abin da ya sa wannan ta zama sana'a mai ban sha'awa ƙwarai, domin ba kowane ɗan kasuwa ne zai karɓi kuɗin mutum a kan alkawarin cewa ba zai taimake shi da komai ba, mai biyan kuma ya tafi yana godiya.

Ana fara shiri da kwalliya. Kowane ayari yakan aika da zanen da yake so, masu fenti na Indiya su shafe keken da shi, ya fito da kamannin damisa ko kifi ko tutar wata ƙasa, matafiyan kuma su sa tufafin ban dariya waɗanda da za su fita da su a unguwarsu da an kira musu likita. Ana kuma sharɗanta wa kowane ayari ya tara wasu ɗaruruwan fam don ƙungiyoyin agaji, kuma adalci ne a ce kuɗin suna isa ga mabuƙata, sai dai sadakar tana da wani aikin na biyu, wato rufe bakin iyaye da surukai, domin da wuya a tsawata wa wanda ya ce zai je shan wahala ne saboda marasa galihu.

Inda nazarin ya fi armashi shi ne abin da keken ke yi wa abota. Mutum uku da suka shekara goma suna shan shayi tare, suna ganin sun san juna ciki da bai, sukan gane tun kafin a fita daga jihar farko cewa ba a sanin maci tuwo sai miya ta ƙare. Kujerar gaba ta mutum ɗaya ce, don haka mulki yakan zama na karɓa-karɓa, kuma kamar yadda aka saba a kowane irin karɓa-karɓa, wanda ke kai yana ganin wa'adinsa bai cika ba, na baya kuma suna ganin ya zarce. Na biyu shi ne mai riƙe da taswira a waya, wanda aikinsa shi ne ya sanar da cewa an wuce kwanar bayan an wuce ta da kilomita ashirin, ya kuma ɗora laifin a kan rashin sabis. Na ukun shi ne ma'aji, mai rubuta kuɗin mai da na masauki da na abinci a ɗan littafi, kuma shi ne aka fi tsana, ba don ya ci amana ba, sai don yana tuna wanda ya ƙara kwano a daren Talata. A kwanakin farko ana waƙa, ana ɗaga wa yara hannu, ana tsayawa ɗaukar hoton kowace saniya. A tsakiyar tafiya, bayan ƙugu ya sage, ƙura ta cika hanci, cikin ɗaya daga cikinsu kuma ya yi tawaye sakamakon yajin wata dhaba, wato rumfar abincin direbobin manyan motoci a bakin titi, sai magana ta koma gajeru, kowa ya riƙa kiran ɗan'uwansa da cikakken sunansa na yanka. Shirun da ke biyo baya ba ya buƙatar ƙoƙari, domin ƙarar injin ta wadatar, kuma mai yiwuwa ita ce babbar hidimar da keken ke yi wa zumunci, tun da yawancin baƙaƙen maganganun da ake faɗa a cikinsa ba sa isa kunnen wanda aka yi dominsa.

Titin Indiya kuwa yana da tsarin sarauta da ba a rubuta ba. Ana tuƙi a hannun hagu, kamar yadda Najeriya ta yi kafin 1972, amma wannan doka ce ta takarda, ainihin dokar ita ce babba ya wuce, ƙarami ya kauce. Bas da babbar mota su ne hakimai, ƙananan motoci dagatai, keke mai ƙafa uku kuma talaka ne mai biyan haraji, wanda bai fi ƙarfin kowa ba sai mai keken hawa da akuya. A saman kowa akwai saniya, wadda darajarta a addinin Hindu ta ba ta damar kwanciya a tsakiyar titi tana tuƙa, ba mai ce mata tashi sai da lallashi. Hon shi ne harshen hukuma, har manyan motoci sukan rubuta a bayansu suna roƙon a danna musu shi. A nan raha takan ɗan ja baya, domin haɗarin mota yana kashe fiye da mutum 150,000 a Indiya kowace shekara, kuma mafi yawansu ba su biya kowa kuɗin shiga wata gasa ba, hanyar neman abincinsu ce kawai ta bi ta nan.

Lalacewar keken ita ce ainihin hajar da aka saya, ko da yake ba a rubuta haka a rasit ba. Ayarin da ya isa Jaisalmer lafiya lau, fulogi bai mutu ba, wayar kuloci ba ta tsinke ba, salansa ba ta faɗi a hanya ba, ya yi asarar kuɗinsa, domin ba shi da abin da zai ba da labari. Saboda haka idan injin ya yi tari ya mutu a tsakiyar daji, baƙin cikin matafiyan yakan zo gauraye da wani ɓoyayyen farin ciki, kuma kafin a nemi sifana an riga an fito da kyamara. Daga nan sai jarumin gaskiya ya bayyana, wato bakaniken ƙauye, wanda yakan iso da silifas da tsumma a kafaɗa, ya kasa kunne ya saurari injin kamar boka, ya hure kafireta da bakinsa, ya ɗaure abin da ya karye da guntuwar waya, cikin minti goma keken ya tashi. Indiyawa suna da suna ga wannan fasaha, jugaad, ma'ana dabarar gyara abu da duk abin da hannu ya taɓa, kuma duk wanda ya taɓa tsayawa a garejin gefen titi a Kano ya san ta ko da bai san sunanta ba. Sau da yawa bakaniken yakan karɓi abin da bai taka kara ya karya ba, wani lokaci ma ya ƙi karɓa ya kuma kawo shayi, saboda tausayin baƙin da a ganinsa talauci ne ya hana su shiga jirgin ƙasa, alhali Indiya na da ɗaya daga cikin hanyoyin dogo mafi girma a duniya. Idan aka zo ba da labari a Facebook, sai a ga hoton mutum uku riƙe da sifana, fuskokinsu da ɗan baƙin mai da aka shafa da kyau, rubutun ƙasa kuma yana cewa sun gyara kekensu a tsakiyar hamada.

Alaƙar wannan batu da ƙasar Hausa ba ta zato ba ce, domin kekunan da suka cika titunan Kano, musamman bayan hana acaɓa a 2013, daga masana'antun Bajaj da TVS na Indiya suke zuwa, sunan A Daidaita Sahu kuma sun gaje shi ne daga shirin gyaran tarbiyya na gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau. Lissafi mai sauƙi ya nuna cewa direban da ke yin kilomita ɗari kacal a rana, tsakanin Bata da Kabuga da Hotoro, ya ratsa Indiya daga Kochi zuwa Jaisalmer a cikin wata guda, kuma yana maimaita hakan sau goma sha biyu a shekara, da fasinja huɗu a baya da na biyar a gefensa ana ce masa "Malam, ɗan matsa", ga 'yan KAROTA masu kula da titi a gaba, ga balas, wato kuɗin da zai kai wa mai keken kowace yamma, yana jiran sa. Ba a shirya masa liyafar tashi ba, ba a rataya masa furanni a wurin sauka, kuma da zai sa kayan damisa ya fito aiki da fasinja sun watse. Keken iri ɗaya ne, ciwon bayan ɗaya ne, bambancin kawai shi ne ɗaya yana da tikitin komawa gida a aljihu, kuma wannan takarda ita ce ke mayar da wahala nishaɗi.

Isowa ƙarshen tafiya takan zo da nata al'adun. Ganin ganuwar Jaisalmer, wadda aka kafa tun 1156 da dutse mai ruwan zinariya, yakan sa a yi ihu a rungumi juna, ko da yake ganin Dala ba shiga birni ba ne, kuma keke ya sha mutuwa ana hango ƙofar gari. Waɗanda suka kwana huɗu ba sa magana sukan yafe wa juna a gaban kyamara, ma'aji kaɗai ke riƙe da littafinsa. Bayan an koma gida labarin yakan fara girma da kansa: tudun da aka tura keken a kansa ya zama dutse, saniyar da ta tare hanya ta zama garke, zawon kwana biyu ya zama jinyar da aka kusa rasa rai, har dangi su koyi tashi ɗebo ruwa da zarar an ce "lokacin da muke Rajasthan". Keken kuwa ba a tambayarsa shaida. Ana tura shi gareji, a sauya masa fulogi, a kankare damisar, a shafa masa kifi, a juya kansa ya fuskanci kudu, domin wasu abokai uku sun riga sun biya, kuma har yanzu suna ganin sun san juna.