Masu Goge Gilashi, Daga Gyaɗi-Gyaɗi Zuwa Unguwa Uku

Daga Nuwamba zuwa Maris iskar hunturu na kwaso ƙura tun daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi ta sauke mana a Kano, gidajen bakin titin Zariya kuma, daga gadar Gyaɗi-Gyaɗi har tashar Unguwa Uku, suna samun gyara daga hayaƙin tireloli da adaidaita sahu. Don haka duk wanda tagarsa ta yi jirwaye yana da mai ɗaukar laifi a kusa. Ni dai a ganina ana zaluntar hunturu. Ƙura bai ɗaya take sauka, ba ta iya zane ba. Layukan nan da ke fitowa ɓaro-ɓaro idan rana ta haska gilashi, mai gogewa ne ya kawo su da hannunsa: sabulu, gishirin ruwa da maiƙon tsumma. Masu aikin ma kowa da irin gudummawarsa.

Ta gaba-gaba ita ce uwargida mai kumfa. A wurinta in Omo bai tashi ya cika bokiti har ya zubo ba, ba a fara aiki ba. Za ta laɓta wa taga kumfa tamkar tana wankin bargo, ta watsa ruwa moɗa biyu, ta ja da baya tana yaba kanta. Sabulun da bai ɗauraye ba yana nan, ya bushe ya zama farin shafe mai danƙo, gobe da safe shi zai fara cafke ƙurar da aka yi aikin dominta. Ruwan ma ba kanwar lasa ba ne. Jarkar mai ga-ruwa mai lita 25 yawanci daga burtsatse ko rijiya take, kuma ruwan ƙasa yana ɗauke da ma'adinai narkakku. Shi ya ƙafe ya tafi, su kuma su zauna a gurbin kowane ɗigo. Ƙanwarta a wannan fanni ita ce mai aikin tsakar rana, wadda ba ta tuna taga sai bayan azahar, lokacin da gilashi ya ɗau zafi har ruwa na bushewa kafin tsumma ya iso. Sai ta ƙara ruwa, rana ta ƙara shanyewa, a yi ta yi har la'asar.

Sai mai tsumma guda. Tsumman nan tsohuwar singiletin maigida ce, ta yi ritaya daga jiki ta kama aikin gida: da safe ta share bakin risho, da hantsi ta goge teburin da aka ci wake da mai, da yamma a ɗora ta a kan madubin amarya. Madubin nan dama yana fama da nasa, ga hayaƙin turaren wuta kullum, ga feshin turare, ga yatsun da suka taɓa man shafawa. Maiƙo ya gamu da maiƙo, ba abin da ya fita, rarraba shi kawai aka yi kowane lungu ya samu rabonsa. Maigidan kansa ba ya neman tsumma. In zai karya hula, sai ya matsa ya yi wa madubi "haa" da baki, ya murza da hannun riga daidai faɗin fuskarsa, sauran madubin kuwa ba huruminsa ba ne. Ubangidansu duka yana tasha: kwandastan da ke huda ledar fiya wata da haƙori, ya tsirta wa gilashin mota, ya shafe da tafin hannu, direba ya kama hanyar Kaduna yana leƙe ta tsakanin sawun yatsu.

Akwai malamin jarida, wanda ya fi su gaskiya, domin takardar jarida na tsotse ruwa kuma ba ta barin zare. Matsalarsa biyu. Tsohuwar jarida yanzu sai an yi takara da mai ƙosai da mai tsire, sannan dole a duba shafi kafin a dunƙule, kada a goge datti da takarda mai sunan Allah. Wajen dubawar nan ne yake cin karo da labarin bara, ya nemi wuri ya zauna, taga ta kwana yadda take.

Za a ce ai ga ruwan goge gilashi mai shuɗi a kanti, ya raba gardama. Yana aiki, amma a hannun mai kumfa shi ma ambaliya ne, kuma in aka fesa shi kai tsaye a madubi yakan gangara ya shiga ta gefe ya ci shafen baya, shi ne baƙin tabon da ke cin bakin tsofaffin madubai. A tsumma ake fesawa. Wanda ba shi da kuɗinsa ya haɗa ruwan khal da ruwa rabi da rabi, tsaminsa na narkar da gishirin da ruwa ya bari. A fara kaɗe ƙura a bushe, kaɗewa ba murzawa ba, don akwai yashi a cikinta mai karce gilashi. A shafa da tsumma mai ɗan laima, a bi nan take da wani busasshe mai tsabta, da sassafe ko bayan inuwa ta sauko.

Hujja mafi ƙarfi tana bakin mai tawakkali, wanda ke cewa me za a goge, gobe ma ƙura za ta dawo. Za ta dawo kam. Sai dai a gilashin da ba sabulu ba maiƙo ba ta samun abin kamawa, kaɗawa ɗaya ta ishe ta. Shi kuwa tagarsa ta kai matsayin da yaran layi ke rubuta "a wanke ni" da yatsa, kuma ya ce sai damina ta sauka zai ba su amsa.