Masu farar riga a hanyar Shika

Mu mutanen Tudun Wada ba ma jira sai yaro ya gama karatu kafin mu kira shi likita. Da mun hango farar riga a ninke a hannu, da abin sauraron ƙirji yana leƙowa daga jaka, magana ta ƙare. Mai shayi zai ce, "Likita, a ƙara madara?" Kwandasta zai ce, "Likita, matsa ciki, saura mutum ɗaya." Yaron kuwa wataƙila yanzu ya shiga aji huɗu cikin shida, amma mu dai mun riga mun naɗa shi, kuma har zuci muke faɗa.

Sabo ne ya kawo haka. Tun da Jami'ar Ahmadu Bello ta fara koyar da likitanci a 1967, asibitin koyarwar a nan unguwarmu ya kasance. Dattawan majalisa har yau suna ba da labarin lokacin da ɗalibi zai karya kumallo a bakin titi, ya taka sayyadarsa ya shiga ɗakin marasa lafiya ko gumi bai yi ba. A 2005 aka kwashe aka koma sabon gini a Shika, can gaba da Samaru a kan hanyar Funtuwa. Asibiti ya samu fili, ba mu ƙi ba. Sai dai daga ranar hanya ta zama wani darasi na daban a karatun yaranmu.

Da yawansu suna kwana a ɗakunan ɗalibai ko su kama haya a can. Amma akwai 'ya'yan unguwa, na Tudun Wada da Gyallesu da Tudun Jukun da cikin birni, waɗanda gida ya fi musu sauƙi, ga kuma matan aure da ba su da halin barin yara. Waɗannan su ne muke gani bayan sallar asuba a Agoro suna tare mota. Tafiyar ta kusa kilomita 20: a haye gadar Kubanni, a bi ta PZ, a kai Kwangila, a wuce Palladan da kwalejin tuƙin jirgin sama, a ratsa Samaru, sannan a hango Shika. Ba kullum ake samun motar da za ta kai ka kai tsaye ba. Sau da yawa sai an sauka an sake, wani wurin bas, wani wurin Keke Napep, in lokaci ya ƙure kuma a ɗare acaɓa. Shi kuwa babban likita in ya fara zagayen marasa lafiya da safe, ba ruwansa da cewa tirela ta tare hanya a Kwangila.

Kwangilar nan ita ce abin da ke hana iyaye sukuni. Nan hanyar Kaduna zuwa Kano ta haɗu da ta Sakkwato, manyan motoci da tankoki da babura duk a cuɗe. A watan Disamba da Janairu ga hazo ga sanyi mai ratsa ƙashi, da damina kuma farar riga ba ta isa asibiti da farinta in ba a leda aka ƙunshe ta ba. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuma kuɗin mota ya ninka, har ya zama uba yana lissafin na mota kafin na littafi.

To, a nan ne halinmu yake fitowa, kuma ina alfahari da shi. Ɗalibi zai miƙa kuɗi, kwandasta ya ce, "An biya maka." Ya waiga, wani dattijo a kujerar baya ya ɗaga hannu, "Allah ya ba da sa'a, ɗana, ka dai tuna da talaka." Kusan kowane gida mai 'ya mace a wannan karatu yana da ɗan acaɓansa ko mai Kekensa da aka sani, aka san gidansu. In aikin dare ya riƙe ta, shi ake bugo wa waya, ba a barinta ta tsaya bakin titi tana tare wanda ba ta sani ba. Haka in aka tura su asibitin yara na Banzazzau, ko can Yakawada a ƙaramar hukumar Giwa don koyon kiwon lafiyar karkara, sai ka ji maƙwabta suna tambayar uwar, "Hajiya, ta sauka lafiya?"

Su ma suna rama mana. Tsohuwar da ba ta taɓa zuwa Shika ba, a tasha ake damƙa ta: "Inna, ga jikanki nan, zai nuna miki inda ake yankar kati." Kuma ya riƙe mata jaka har ƙofar.

Abu ɗaya ne nake so mu rage. Mun mayar da bas ɗakin duba marasa lafiya. Da an ga farar riga sai a zaro takardar gwaji daga aljihu, wannan ƙafa ke masa zogi, wancan yana son sunan maganin hawan jini. Yaron da ya ce, "Baba, ni ɗalibi ne, ka daure ka je a auna ka," ba girman kai ya yi ba, abin da malamansa suka koya masa ke nan, kuma shi ya fi ƙaunarka. A bar shi ya duba 'yar takardarsa, ko ya ɗan runtsa, don wataƙila jiya a tsaye ya kwana a ɗakin haihuwa.

'Yan uwana masu acaɓa, in kun ɗauko su ku sassauta a Kwangila, gara makara da karaya. Ku kuma ma'aikatan da ke fita da mota ba kowa a baya zuwa Samaru ko Shika kowace safiya, don Allah in kun ga ɗan unguwa da farar riga a Agoro, ku tsaya ku rage masa hanya.