Bazazzagi a Dajin Rothrock

Gaisheka Bazazzagi, bawan Kanawa, ina gajiyar yawo? Hotunan sun iso. Gida ya taru a kan waya ɗaya ana neman gane wanda ke ciki, don ban da hanci da tabarau babu abin da ya leƙo. Inna ta rantse buhun auduga ne aka jingine a gindin itace.

Wai ka fita shan iska. A watan Janairu, a tsakiyar jihar Fensilbaniya ta Amurka, inda ruwa ke daskarewa a waje, rana kuma ta faɗi wajen ƙarfe biyar na yamma. Kai da hunturun Zariya ke sa ka yi mako ba ku gaisa da ruwa ba! Duk zaman da ka yi a Samaru kana hangen Dutsen Kufena, ko sau ɗaya ba ka taka shi ba, kullum ƙafa ce ke ciwo. Ashe biza ƙafar take jira.

Na bincika, kada ka ɗauka ba mu san komai ba. Shingletown ɗin da ka shiga bakin daji ne, 'yar tafiya kaɗan daga jami'arku ta Penn State. Dajin Rothrock ya haura eka 90,000, kai ka lasa gefensa ka komo kana ba da labari da muryar wanda ya ƙetare Sahara. To, me ka fito da shi? Mu a Kano in mutum ya shiga daji, itace muke tambaya, ko zuma, ko zomo. Kai mura ka kawo, ka kuma biya kuɗin mai.

Ka cika mu da zancen shiru, wai ko motsi ba ka ji ba. Ina za ka ji? Dusar ƙanƙara tana shanye ƙara, wannan ɗaya. Beyar ta shige kogonta tana barcin hunturu, macizai sun dunƙule a ƙarƙashin duwatsu, tsuntsaye da yawa sun yi kudu tun kaka. Duk mai hankali a dajin nan ya nemi ɗaki. Saura mutum ɗaya, kuma daga Zazzau ya zo.

Inda ka fi ba ni dariya shi ne da ka ce hannun ɗan Adam bai taɓa wurin ba. Malam, masu gawayi da masu katako sun riga ka. A ƙarni na 19 aske duwatsun nan aka yi ƙwal. Masana'antar narka ƙarfe ta Greenwood, can cikin yankin, ta yi aiki daga 1834 zuwa 1904, kuma gawayi take ci dare da rana. Da aka cinye itacen aka bar ƙasa tsirara, wuta na ci, ruwa na zaizaya, sai gwamnatin jihar ta shiga saye tana renon sababbi. Joseph Rothrock da aka sa wa dajin sunansa likita ne masanin tsirrai, shi ya fara riƙe kwamishinan gandun daji na jihar a 1895. Yawancin itatuwan da ka tsaya kana yi wa kirari jikoki ne. In kakannin kake nema, sai ka ƙarasa Alan Seeger, inda tsofaffin itatuwan hemlok suka tsira daga gatari. Amma can da nisa, na san ƙafa za ta tashi.

Abu ɗaya na yaba: rigar nan mai ruwan goro da ka ɗora a sama. Na san ba ado ba ne. Daga kashegarin Kirsimeti zuwa cikin Janairu jihar tana buɗe wa maharba lokacin farautar barewa da bindigar toka, wadda ake ɗura wa albarushi ta baki. Amurka guda, da bindigar toka! Kada ka kuskura ka cire rigar nan, don yadda kake tsalle in ganye ya motsa, maharbin da ya ɗauke ka barewa ba zan ga laifinsa ba.

Ka gaida sanyi. Ka kuma aiko da kuɗin sharata na bana, wanda ya iya sayen takalmin hawan dutse ya daina fakewa da cewa shi ɗalibi ne.